Ƙofar da Keke Zai Wuce: Gidajen Jinƙai ga Nakasassun Sojojin Amurka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

  

Kafin in fito daga gida yau na yi wani abu da ya sa maiɗakina ta tsaya tana kallona kamar wanda ya zautu. Tef ɗin awo irin na tela na ɗauka, na durƙusa a bakin banɗakinmu na auna faɗin ƙofar. Inci 24 na samu, ga kuma dokin ƙofa da birkila ya ɗaga don kada ruwa ya kwararo waje. Keken guragu na babban mutum kuwa, daga wannan taya zuwa waccan, yakan kai inci 25 zuwa 27. Ke nan da Allah zai jarrabe ni yau a dawo da ni gida a kan keke, gidan da na gina da gumina, to ko kama ruwa ba zan iya ba sai an ɗauke ni cak kamar jinjiri an shigar da ni.

Abin da ya sa na yi wannan awo shi ne, yau ƙasar Amurka za mu leƙa, mu ga yadda ake samar da matsuguni ga sojojin da suka dawo daga fagen daga da nakasa, su da iyalansu. Ku riƙe mini ƙofar nan a ranku, don za mu yi ta dawowa kanta.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Amurka ta shafe shekara 20 tana yaƙi a Afganistan, a 2003 kuma ta faɗa wa Iraƙi. Ba hukunci muka zo yankewa kan yaƙe-yaƙen nan ba. Mutanen Bagadaza da na Kandahar suna da nasu lissafin na gidajen da aka rusa da rayukan da suka salwanta, kuma nasu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Mu dai yau ɓangaren sojan muka ɗauka. Sojojin Amurka kusan 7,000 ne suka mutu, fiye da 50,000 suka ji rauni, a cikinsu sama da 1,500 suka rasa hannu ko ƙafa, wani gaɓa biyu, wani uku. Mafi yawan wannan ɓarna aikin bam ne da ake binnewa a gefen hanya, mota ta taka ko mutum ya taka.

Irin raunin da a Yaƙin Duniya na Biyu mutum ba ya kwana da shi, a wannan karon sai ga shi ana rayuwa. Rigar sulke ta kare ƙirji da ciki. Kowane soja yana ɗauke da maɗaurin tsayar da jini. Jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi nan da nan, cikin 'yan kwanaki ya farka a asibitin sojoji na Landstuhl da ke Jamus, daga nan sai asibitin Walter Reed a yankin Washinton. Likita ya ceci rai, ya yi nasa. Sai dai likita ba magini ba ne. Ranar sallama, saurayin nan gidan da ya bari da ƙafafunsa zai koma, kuma a can gidaje da yawa ɗakin kwana da wurin wanka a saman bene suke. Akwai waɗanda suka yi watanni a falo suke kwana, ko kuma su hau matakala da jan gindi, mataki ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu na kallo.

Akwai wani matashi, Brendan Marrocco, ɗan Staten Island a birnin Niyok. A watan Afrilun 2009, yana ɗan shekara 22, bam ya tashi da motarsu a Iraƙi. Hannaye biyu da ƙafafu biyu duk suka tafi. Shi ne sojan Amurka na farko a yaƙe-yaƙen nan da ya rasa gaɓoɓi huɗu kuma ya rayu. A 2011 ƙungiyoyin jinƙai biyu, Building Homes for Heroes da gidauniyar Tunnel to Towers, suka haɗa hannu da mutanen unguwarsu suka gina masa gida daidai da lalurarsa. A ƙarshen 2012 kuma likitocin asibitin Johns Hopkins suka dasa masa hannaye biyu na wani mamaci. Ikon Allah ke nan. To amma shi gidan, me ya bambanta shi da sauran gidaje?

Bari mu shiga irinsa da asuba, mu bi mai gidan a baya. Ya farka. In lalurar ta yi tsanani, akwai wani dogon ƙarfe a jikin silin mai ɗauke da majanyi, wanda zai ɗaga shi daga gado ya sauke shi a kan keke. Ya nufi ƙofa: faɗinta inci 36, ba dokin ƙofa, daɓen ɗaki da na waje a shafe suke. Hanyar da ta ratsa tsakanin ɗakuna inci 48, don kada gwiwar hannu ta riƙa gogar bango. A cikin banɗaki an bar fili mai faɗin ƙafa biyar, domin keke ba ya juyawa a ƙasa da haka; in filin bai kai ba, da baya zai fito. Wurin wanka ba shi da baki, da keken zai shige har ƙarƙashin ruwa. Kwamin wanke hannu an bar ƙarƙashinsa fanko don gwiwa ta shiga, madubi kuma an sunkuyar da shi daidai fuskar mai zaune. A kicin, murhun girki yana sauka ƙasa in an danna maɓalli, kantar kwanuka ana jawo ta ta sauko gabanka. Fitilu da labule da makullin ƙofar waje duk daga waya ake sarrafa su. Har sanyin ɗaki an yi masa tanadi na musamman, saboda wanda ya rasa gaɓoɓi fatar da jiki ke fitar da zafi ta cikinta ta ragu, shi ya sa zufa ke saurin karyo masa. A waje kuma gangara ce maimakon matakala, kuma ita ma da ƙa'idarta: duk tashin inci ɗaya sai an ba shi tsawon inci 12, in ba haka ba keke zai kife da mai shi.

Wani zai ce wannan ai gatanci ne. Ni ban ga gatanci ba. Magidanci ya shiga banɗaki ya rufo ƙofa shi kaɗai, ya dafa wa ɗansa shayi, ya leƙa ɗakin 'yarsa da dare in ta yi kuka ba tare da ya tashi kowa ba, wannan mutunci ne. Kuma ku tuna da matar gidan. Da yawa daga cikinsu sun ajiye aikinsu sun koma jinya, mace mai ƙaramin jiki tana ɗaga ƙato sau biyar, sau shida a yini, har bayanta ya ƙage. Duk abin da mijin ya iya yi da kansa, ita aka sauke wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ƙungiyoyin da suka san aikinsu sai sun zauna da sojan da iyalinsa kafin a ja layi ɗaya a takardar zanen gini.

Yanzu sai maganar kuɗi, kuma nan sai na ɗan yi bayani, don yadda ake mallakar gida a Amurka ba irin namu ba ne. Mu nan sai ka sayi fili, ka yi shekara biyu ka buga bulo, ka yi uku ka kai linta, in Allah ya hore ka rufa. A can kuwa ginanne ake saya, kuma da wuya mutum ya biya kuɗi hannu. Banki ne ke biya, kai kuma ka riƙa biyan banki wata-wata, galibi har shekara 30, da kuɗin ruwa a kai, gidan kuma shi ne jingina. Mu ɗauka ka ci bashin dala 300,000 a kan ruwa kashi 7 cikin ɗari, wanda kusan haka farashin ya kai a 2023. Duk wata za ka biya wajen dala 2,000, kafin shekara 30 ta cika ka biya fiye da dala 700,000. In ka yi watanni ba ka biya ba, banki ya karɓe gidan ya yi gwanjonsa. To ku auna mutumin da ya rasa ƙafafu, matarsa ta bar aiki, ga wannan takarda tana zuwa duk ƙarshen wata. Shi ya sa a can in aka ce an ba mutum gida ba bashi a kansa, ba ƙaramar magana aka yi ba.

Gwamnati fa, ina take? Tana nan, kuma ta daɗe a kai. Ranar 22 ga Yuni, 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da GI Bill. Ba don tausayi kaɗai aka yi ta ba, har da tsoro. Ba a manta da 1932 ba, lokacin da dubban mazan jiya na yaƙin farko suka yi sansani a Washinton suna neman haƙƙinsu, aka turo sojoji suka tarwatsa su, aka ƙone bukkokinsu. Ga shi kuma a wannan yaƙi na biyu mutum miliyan 16 ne suka sa kaki. Dabarar dokar a kan gida mai sauƙi ce: gwamnati ba ta ba ka kuɗi, tsaya maka take yi a banki. Ta ce wa banki, ba shi, in ya gaza ni zan biya wani kaso. Da wannan sai banki ya yarda ya bayar ko ba kafin alƙalami. Daga 1944 zuwa 1952 an tsaya wa basussukan gida kusan miliyan 2.4, zuwa 2024 kuwa jimlar ta haura miliyan 28. Akwai ɗan kuɗin hidima da ake cira, kashi biyu da ɗoriya cikin ɗari ga mai nema karon farko, amma wanda ke karɓar diyyar nakasa an yafe masa.

Sai dai rijiya ta bayar, guga ya hana. Tun da bankin gari ne ke ba da bashin, baƙar fatar da suka yi yaƙin kafaɗa da kafaɗa da farare sai suka tarar ƙofa a rufe. Wani bincike da aka yi a biranen jihar Misisipi a 1947 ya gano cewa cikin basussuka 3,229 na gida da gona da sana'a da gwamnati ta tsaya wa, biyu kacal suka je hannun baƙar fata. Biyu! Unguwar Levittown da aka gina kusa da Niyok mai gidaje sama da 17,000, wadda tsofaffin sojoji suka cika, a rubuce aka hana baƙar fata shiga. Na kawo wannan ne don kada mu ɗauka doka in ta yi kyau a takarda shi ke nan.

Ga masu nakasa mai tsanani kuma akwai wani tallafi daban tun 1948, wanda ba bashi ba ne, kyauta ce don gina gida ko gyara shi daidai da lalura. Da dala 10,000 aka fara. A shekarar kuɗi ta 2024 iyakarsa ta ɗan haura dala 117,000, kuma Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda ake kira VA, ita ke bayarwa. In ka juya kuɗin nan zuwa naira sai kanka ya yi zafi. Amma a ƙasar da matsakaicin gida ya haura dala 400,000, tun kafin a faɗaɗa ƙofa ko a sa na'ura ko ɗaya, kuɗin ba ya kai mutum ko rabin hanya. Wannan giɓin, tsakanin abin da gwamnati ke bayarwa da abin da gidan ke ci, shi ne gonar ƙungiyoyin jinƙai.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan gidajen da ake gina wa nakasassun sojoji a Amurka.

Wani mai kula da aikin gine-gine a jihar Masachuset, John Gonsalves, ya ga labarin wani soja da ya rasa ƙafafu. Ya nemi ƙungiyar da ke gina wa irinsu gidaje don ya ba da ƙarfinsa, bai samu ba, sai ya kafa Homes For Our Troops a 2004. Yau ƙungiyar ta gina gidaje ɗaruruwa, kowanne da gyare-gyare sama da 40 na musamman, kuma sojan ne ke zaɓar garin da yake so ya zauna. Aikin nasu yana tuna mini da gayya. Ɗan kwangila ya rage farashi, kamfani ya ba da kwanon rufi ko tagogi, ana gab da gamawa mutanen gari su fito ranar Asabar da shebur da baro su shimfiɗa ciyawa su dasa itatuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a Amurka.

Ita kuwa Tunnel to Towers daga makoki ta tsiro. Stephen Siller ɗan kwana-kwana ne, mai 'ya'ya biyar, ya tashi daga aiki da safiyar 11 ga Satumba ya kama hanya sai ya ji labarin harin. Ya juya ya ɗauko kayan aikinsa, ya tarar an rufe hanyar ƙarƙashin ruwa da ta haɗa Brooklyn da Manhattan a birnin Niyok. Sai ya ajiye mota, ya saɓa kayan nan masu nauyin kusan kilo 27, ya ratsa hanyar da gudu har wurin tagwayen benayen da aka kai wa harin. Bai dawo ba; yana cikin 'yan kwana-kwana 343 da suka mutu ranar. Shi kansa maraya ya tashi, yayyensa suka riƙe shi, su ne kuma suka kafa gidauniyar da sunansa. Ban da gina gidaje, tana wani abu da ya fi taɓa ni: in soja ya mutu a bakin aiki ya bar mata da ƙananan yara, sai ta biya ragowar bashin gidan gaba ɗaya, ko ta ba su gida in ba su da shi. Irin waɗannan iyalai ana ce musu masu tauraron zinariya, saboda tun yaƙin duniya na farko gidan da aka rasa soja akan rataya tuta mai tauraro ruwan zinariya a taga. Kuma abin da gidauniyar ke roƙon talaka ya bayar dala 11 ne a wata.

Akwai ta ɗan wasan fim Gary Sinise, wanda ya fito a matsayin laftanar ɗin da ya rasa ƙafafu a fim ɗin Forrest Gump na 1994, rawar ta bi shi har ya kafa gidauniya a 2011. Akwai Fisher House, tun 1990, mai gina masauki a gefen asibitocin sojoji don masu jinya su zauna kyauta. Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti a kan tabarma yana jinyar ɗan uwa ya san darajar wannan.

To, ranar miƙa makulli biki ake yi sosai. Babura a gaba, motar kashe gobara na jiniya, yara na kaɗa tutoci, 'yan jarida sun kafa kyamara, uwar gida na share hawaye. Da yamma kowa ya watse. A nan ne tsugune ba ta ƙare ba. Gida ko babu bashi a kansa yana da baki, ci yake yi. Akwai harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa duk shekara gwargwadon darajar gidan, kuma gida mai tsada harajinsa mai tsada ne. Akwai inshora, ga wuta, ga ruwa, ga na'urorin nan da in sun lalace ba kowane mai gyara ke taɓa su ba. Wasu jihohi, irin su Teksas da Fulorida, sun yafe harajin gida ga wanda nakasarsa ta kai ɗari bisa ɗari, wasu kuwa ragi kawai suke yi. Ga kuma masu zuwa da daɗin baki: ai gidanka dukiya ce kwance, jinginar da shi ka karɓi kuɗi. Matashin da bai taɓa riƙe dukiya ba, ga ciwo, ga damuwa, abu kaɗan ne zai sa hannu.

Shi ya sa Homes For Our Troops ba ta sakin gidan gaba ɗaya ranar biki. Tana riƙe da haƙƙi a kan takardunsa har shekara goma, daga shekara ta shida mallakar ke komawa hannun sojan kashi-kashi har ta cika, sannan tana haɗa shi da mai ba da shawara kan harkar kuɗi kyauta. Da na fara jin wannan sai na ce kyauta da igiya? Da na sake tunani sai na ga igiyar nan ita ce ta nuna sun damu da inda mutumin zai kasance bayan shekara goma, ba hoton ranar biki kaɗai ba.

Bankuna ma sun shigo da tasu kyautar, sai dai ruwa ba ya tsami banza. Bayan rikicin bashin gidaje na 2008 an ƙwace gidajen miliyoyin mutane, bankuna suka cika da gidajen da ba mai saya. Akwai kuma doka a Amurka da ta ce sojan da ke bakin aiki, bashin da ya ci kafin ya shiga aikin ba a ɗora masa ruwan da ya wuce kashi 6 cikin ɗari, ba a kuma ƙwace masa gida sai da izinin kotu. A farkon 2011 bankin JPMorgan Chase ya amsa cewa ya caji dubban iyalan sojoji fiye da ƙa'ida, ya kuma ƙwace gidaje 14 ba bisa doka ba, a lissafin farko. Ya ba da haƙuri, ya biya diyya, sannan ya yi alkawarin ba da gidaje 1,000 ga tsofaffin sojoji ta hannun ƙungiyoyi. Wanda ya samu gida ya samu, ba na raina masa. Amma yana da kyau a san daga ina kyautar ta fito.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi a wurin biki ba: wa aka bari a waje? Da yawa daga ƙungiyoyin nan sojojin bayan 2001 kaɗai suke ɗauka, kuma masu raunin da ido ke gani. Tsohon da ya bar ƙafarsa a Biyetnam shekara 50 da suka wuce ba ya cikin layin. Haka wanda ya dawo da gaɓoɓinsa cif amma ba ya barci, ƙarar ƙofa ta sa ya faɗi ƙasa, ya rabu da matarsa, ya koma shaye-shaye. Shi ba ya kyau a hoton neman taimako, alhali irinsa ne suka fi ƙarewa a ƙarƙashin gada. A 2010 an ƙirga tsofaffin sojoji fiye da 70,000 da ba su da wurin kwana a dare guda. A Janairun 2024 adadin ya sauko zuwa kusan 33,000. Abin da ya fi sauko da shi ba gidajen biki ba ne. Wani shiri ne na gwamnati da aka faɗaɗa a 2008, inda ake biya wa mutum mafi yawan kuɗin haya, a haɗa shi da ma'aikacin jinƙai da ke bibiyarsa, kuma a fara ba shi ɗakin tukuna kafin a ce ya daina shaye-shaye. Ku dubi lissafin da kyau: ƙungiya tana ƙirga nata da ɗaruruwa, doka tana ƙirga nata da dubbai da miliyoyi. A ganina sadaka tana da wurinta, wuri mai daraja ma, amma wanda ya aika yaro yaƙi shi ke da bashin ƙafarsa, kuma bai kamata kyawun aikin masu sadaka ya zama inuwar da mai bashi zai fake a ciki ba.

Inda tausayi ya taru kuma, ɓarawo ba ya nisa. Wani mutum da ke kiran kansa Bobby Thompson ya kafa ƙungiya da sunan tsofaffin sojojin ruwa, ya tara kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala miliyan 100, har hotuna yake ɗauka da manyan 'yan siyasa. A 2010 wata jarida a Fulorida ta bi sawu, ta tarar ofisoshin akwatunan wasiƙa ne, shugabannin da aka rubuta kuma ba a ga ko ɗaya ba sai shi. Ya tsere, aka kama shi a 2012, ashe sunansa John Donald Cody, lauya ne da ya yi karatu a Harvard. A 2013 kotu a jihar Ohayo ta ɗaure shi shekara 28. 'Yan uwanmu da ke zaune a can suna jin mu ta intanet, wasunku ma 'ya'yansu na cikin aikin soja: ƙungiyar kirki tana bayyana lissafin kuɗinta na shekara kowa ya gani, kuma ba ta cewa soja ya biya wani abu kafin a sa shi a layi. Duk wanda ya ce kawo kuɗin fom, ka riƙe aljihunka.

Mu dawo gida kaɗan kafin lokaci ya ƙure. Mu ma muna da mazan jiya, tun daga kakanninmu da suka je yaƙi ƙasar Bama, zuwa na yaƙin basasa, zuwa yaran da ke dawowa daga Arewa maso Gabas a kwantar da su a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tantabaru, a maƙala 'yar alamar tunawa a ƙirji. Gidan bariki kuwa ba na gado ba ne, ranar da aiki ya ƙare sai an tashi. Bashin banki na shekara 30 ba shi ne damuwar yawancinmu ba, ga kuma batun riba da ke sa da yawa ba sa ko kallon wajen. Amma muna da waƙafi, muna da gayya, kuma tun Janairun 2019 muna da dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya wuce. Gobe in kun je banki ko sakatariya ko masallacin Juma'a, ku ɗan dubi matakalar. Sannan ku dubi gidajenmu: zaure mai dokin ƙofa, lungu mai kwana, masai na tsuguno. Wanda ba shi da gwiwa, da me zai tsuguna?

Da na gama awon nan da safe, na tsaya wurin birkilan unguwarmu na tambaye shi abin da zai ci a faɗaɗa ƙofar banɗaki zuwa inci 36, a fasa dokin, a karkatar da daɓen don ruwa ya bi ta ciki. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce buhun siminti biyu, da sabon ƙyaure, da aikin yini biyu, in dai lintar ta kai. Na kira gida na faɗa wa maiɗakina. Ta ce in dai da gaske nake, a fara da ɓangaren Hajiya, mahaifiyata, don shekara uku ke nan tana dafa bango kafin ta ƙetare nata dokin ƙofar, ni ne dai ban lura ba. Ranar Asabar birkila zai zo.

Nan za mu dakata, jama'a. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran abokan aiki, nake cewa a kwana lafiya, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)